Bindigar gidan gem ta yanzu: gwaninta ce ko cin kuɗi?

Razak (Nima): Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci na, in na kauce a gyara mini. Injinan harbin nan na zamani da ake jerawa a gidajen gem na cikin mol, asusu ne kawai aka manna wa bindiga. Ka goga kati, ka kama harbi, ko ka iya ko ba ka iya ba, kafin minti uku jininka ya ƙare, allo ya fara ƙirga goma, tara, takwas, wai ka ƙara kuɗi ka ci gaba. Gwani da ɗan koyo duk a wuri ɗaya suke faɗuwa. Da ba haka abin yake ba. Time Crisis na farko, wanda Namco ta fitar a 1995, in hannunka ya faɗa kana iya kai shi ƙarshe da kwandala ɗaya, don an ba ka feda a ƙasa: ka taka ka fito ka yi harbi, ka ɗaga ƙafa ka ɓuya, bindiga ta ɗura kanta. Duk harsashin da ya same ka, kai ka tsaya masa. To na yanzu, ina za ka ɓuya?

Nuhu Ɗan Ataya: Wa alaikumus salam. Ashe jiya an cinye kuɗin wani.

Razak (Nima): Nuhu ka bar wasa, da gaske nake.

Zulaiha (Mamobi): Yaya Razak, ka yi wa duka kuɗin goro. Wanne ka buga? Don na yanzu ma kala biyu ne. Akwai wanda bindigar take hannunka da igiya, kana ɗaga ta yadda kake so. Akwai kuma wanda aka kafe bindigar a jikin injin, ka shiga rumfa ka zauna, sai dai ka juya ta hagu da dama, irin Jurassic Park Arcade na kamfanin Raw Thrills da ya fito a 2015, ko Halo: Fireteam Raven na 2018. In na zama kake nufi, ba ni da ja sosai. Harsashi ba ya yanke maka, ka danne kunama ka yi ta feshi, kujera na girgiza, sauti na dukan ƙirji. An yi shi ne don uwa da 'ya'yanta su yi ihu su fito suna dariya. Amma shi ma Time Crisis bai mutu ba, na biyar ya fito a 2015, har feda biyu aka yi masa, ta hagu da ta dama, kana sauya wurin ɓuya ka zagayo wa abokin gaba ta gefe.

Razak (Nima): Na zaman nake nufi, kuma su suka fi yawa a Accra yanzu. Je ki zagaya ki gani.

Kawu Sani Mai Gyara (Circle): Razak ɗana, bari in shiga maganar nan, don ta taɓo sana'ata. Abin da kake kira bindigar da, ba ta taɓa harba komai ba. Ido ne a cikin bakinta, kallo take yi. Waɗanda suka buga harbin agwagi a gida za su tuna, Duck Hunt na Nintendo na 1984, wanda ya iso mana a kaset ɗin nan masu ruwan ɗorawa da ake rubuta wa gem 9999 alhali biyar ne ake ta maimaitawa. In ka ja kunama, talabijin yakan yi baƙi na ƙiftawar ido, sai farin akwati ya bayyana daidai inda agwagwar take. Idon bindiga ya ga fari, ka ci. Bai gani ba, kare ya ɗago daga ciyawa ya yi maka dariya.

Na gidan gem irin su Virtua Cop na Sega, 1994, sun fi haka wayo. Talabijin mai ƙeya ba ya zana hoto gaba ɗaya. Ɗigon haske ɗaya ne yake gudu layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, sau 50 ko 60 a daƙiƙa, gudun ne ya sa idonmu ke ganin cikakken hoto. In ka harba, allon ya yi wal, injin ya lissafa lokacin da ɗigon ya gifta ta gaban idon bindigar, daga nan ya san ainihin inda ka nuna. Shi ya sa saitinsu ke da kaifi haka.

Da falasma ta shigo, wannan dabara ta mutu, don ita ba ta da ɗigon da ke gudu, ga shi kuma tana ɗan jinkiri kafin ta nuna hoto. Sai masu ƙera injin suka koma jera 'yan fitilu kewaye da allon, masu irin hasken rimot wanda idon mutum ba ya gani. Bindigar ce ke kallon fitilun ta gane inda ta dosa. Wanda ya taɓa riƙe rimot ɗin Wii, injin gem na gida na Nintendo, ya san abin, dabarar ɗaya ce. Ita kuwa ta kafe, da yawansu ko idon ma babu. Abin murɗawa ne guda biyu a gindinta, irin na ƙara sautin rediyo, ɗaya na auna sama da ƙasa, ɗaya hagu da dama. Shi ya sa dole a zana maka alama a allo tana yawo, kana bin ta da ido maimakon ka bi bakin bindiga.

Nuhu Ɗan Ataya: Kawu, karen nan har gobe ban yafe masa ba.

Razak (Nima): Na gode Kawu. Ai ka ƙara mini hujja. In alama ce kake ja a allo, ina saiti a nan?

Kawu Sani Mai Gyara (Circle): Tsaya tukuna, ban ba ka gaskiya duka ba. Bindigar kafe ba sabuwa ba ce. Terminator 2 na kamfanin Midway, tun 1991, haka bindigoginsa suke, kuma a cin kwandala ba shi da na biyu. Ku yaran yanzu kuna tuna masu daɗin ne kawai. Injin da aka ajiye a shago, tun ran gini neman kuɗi aka kawo shi yi.

Fuseini (Aboabo, Kumasi): Ina gaida manya. Ni na yi aiki a irin wannan wuri, ina loda kati ina share injuna, sai dai ba zan faɗi sunan wurin ba. Abin da Razak bai sani ba, kuma yawancin masu zuwa ba su sani ba: kowane inji yana da ƙofa a gaba da makulli, a ciki akwai maɓallin gwaji. In ka danna, gem ɗin ya ɓace, jerin saituna su fito. A nan ake zaɓar wuyar gem ɗin, da yawan ran da za a ba ka, da kuɗin farawa da na ci gaba. Inji iri ɗaya, a wani shago ka daɗe kana bugawa, a wani kafin ka gyara tsayuwa an kashe ka. Ba kamfanin Japan ko Amurka ya yi maka haka ba, mai shagon ne. Mu namu in Sallah ko Kirsimeti ta matso, ana ƙara wuya a rage rai, wai don layi ya riƙa tafiya.

Na biyu kuma, wanda ya fi ɓata mini rai, gyaran saiti. A cikin jerin nan akwai inda za a nuna maka alamu a allo ka harbe su ɗaya bayan ɗaya don bindiga ta dawo daidai. Aikin minti biyu ne. Amma sai a yi watanni ba wanda ya taɓa. Yara suna jefar da bindiga a ƙasa, suna jan igiya, suna shafa wa bakinta maiƙon kaza. Ka nuna kan dodo, harsashi ya sauka gefen kafaɗarsa, kai kuma ka tafi gida kana cewa hannunka ne ya lalace.

Zulaiha (Mamobi): Wallahi wannan ya taɓa samuna. Bindigar hagu lafiya lau, ta dama tana harbin taƙi guda ƙasa da inda na nuna. Na yi wa yaron wurin magana ya ce shi ba ya da makulli.

Fuseini (Aboabo, Kumasi): Wataƙila gaskiya ya faɗa miki, 'yar uwa. Makulli yana hannun manaja ko mai gyara. Ga yadda za ki gane tun kafin kuɗinki ya tafi da yawa. Da an fara, kar ki bi dodo tukuna, ki harba kusurwa huɗu na allon ki ga ko harbin na sauka inda kika nuna. In tsakiya daidai ne amma gefe ɗaya yana tsalle, to fitila ta mutu a wannan gefen. Kina iya dubawa da kyamarar waya, wayoyi da yawa suna nuna hasken kamar shuɗi-shuɗi mai ja, wadda ta mutu za ki gan ta baƙa. Kuma injin da aka ajiye kusa da ƙofar gilashi inda rana ke bugowa, ki bar shi sai yamma, hasken rana yana rikita idon bindigar.

Hajiya Mariama (Madina): Fuseini Allah ya yi maka albarka. To ni tambayata daban ce. Autana shekararsa bakwai, in muka je sai ya manne da allon kamar zai shiga ciki, bindigar kuma ta ƙi yi, ya fara kuka. Yayarsa na gefe tana ta ci. Shi ma injin ne?

Fuseini (Aboabo, Kumasi): Hajiya ba injin ba ne. Bindigar tana bukatar ta hango fitilun, in an matsa kusa sosai ba ta ganin isassu. Ki ja shi baya har igiyar ta kusa miƙewa. Amma gaskiya mai shekara bakwai na zama ya fi dacewa da shi, wanda Razak ke zagi. Bindigar hannu tana da nauyi, ga wadda ke bugun baya in an harba, kafin a gama matakin farko hannun yaro ya gaji ya sauke.

Hajiya Mariama (Madina): Ka ji ko Razak? Abin da ka raina shi ne rufin asirina ranar Sallah. Mu huɗu muke shiga, ba wanda ya iya, kowa ya fito yana ba da labarin dodon da ya kashe.

Malam Yakubu (Fadama): Assalamu alaikum. Na karanta duka, na ga kowa na maganar saiti da kuɗi, ba wanda ya tsaya ya tambaya ko ya dace a ɗora wa ɗan shekara bakwai bindiga a hannu a ce ya nuna mutum ya harba, a tafa masa. Mu da muke zango mun san sunan da ake ba unguwanninmu a gari, da gaskiya da ƙarya. A ƙarshen 2024 ma samari suka ɗauki yayin bindigar roba suna harbe-harbe a titi, har 'yan sanda suka shiga maganar. Ni abin ba ya kwanta mini.

Nuhu Ɗan Ataya: Malam, da girmanka, mu ma da karan dawa da roba muka yi bindiga muna yara, ga mu nan ba wanda ya zama ɗan fashi. Sai dai mai shan ataya.

Malam Yakubu (Fadama): Nuhu, karan dawa ba ya fitar da jini a allo mai girman bango.

Hajiya Mariama (Madina): Malam yana da gaskiya ta wani gefen, kuma ni ma ba kowanne nake barin su buga ba. Na gawarwakin nan masu tafiya, a'a. Ba don komai ba, ni ce zan kwana ina rarrashi. Na dabbobin zamanin da, ko na 'yan fashin teku da ake harbin ƙwarangwal ana juya sitiyarin jirgi, waɗannan ba na hanawa. Kuma ina tsaye a kansu. Abin da ya fi tayar mini da hankali ba wannan ba ne, Malam, wayar da ke hannun manyan ne. Na mol sai na biya, minti kaɗan an gama, mun hau tirotiro mun dawo. Na waya kuwa yana ƙarƙashin bargo har ƙarfe biyun dare, yana hira da mutanen da ban san su ba.

Fuseini (Aboabo, Kumasi): Ƙarin bayani ga Malam: a wasu injunan har launin jini ana iya sauyawa a saitin nan da na faɗa, The House of the Dead, na gawarwakin nan masu tafiya, yana da shi, a mai da ja ya koma kore. Iyaye suna da damar tambaya.

Malam Yakubu (Fadama): Ko kore ne ko ja, nuna bindiga dai nuna bindiga ne. Amma na ji bayanin Hajiya, kuma tsayawar da take yi a kansu ita ce babba. Ban ce haramun ba ne, kar a je a ce Malam ya ce. Na ce a duba shekarun yaro, kuma kar a bar salla ta wuce ana layin gem. Na bar ku lafiya.

Zulaiha (Mamobi): Allah ya ƙara girma Malam. Bari in koma kan Yaya Razak, don ban gama da shi ba. Ka ce gwani da ɗan koyo wuri ɗaya suke faɗuwa. A House of the Dead ƙarya ne, ko tsohon ko Scarlet Dawn na 2018. Ɗan koyo yana harbin duk abin da ya motsa, a ciki, a ƙafa, ko'ina. Wanda ya san gem ɗin kai yake nema, kuma ba na kusa yake fara harbi ba, wanda ya ɗaga hannu zai kai duka ko zai yi jifa shi ne na farko. Ba ya jira harsashi ya ƙare kafin ya ɗura, yana ɗurawa ne a ɗan tsakanin da kyamara ke juyawa. A tsofaffin, harbi ɗaya a wajen allo shi ne ɗuri, sai ka ga gwani ko bindigar ba ya saukewa sosai, ɗan karkata wuyan hannu kawai ya dawo. Na uku bindigar toka ce ta turawa, ka ja hannunta baya. Na huɗu kuma girgiza ta ake yi. Sannan kafin kowane babban dodo ana nuna maka hotonsa da inda lagonsa yake, amma mutane a lokacin suke juyawa suna ɗaukar hoto da waya. In ya taso kawo duka, in ka zuba masa a lagon nan da sauri, dukan ba ya isowa. Wannan ba gwaninta ba ce?

Wani abu kuma: mutanen da dodanni ke bi suna ihu, in ka cece su wani lokaci a ƙara maka rai, wani lokaci hanya ta sauya gaba ɗaya. In ka harbe su kuwa a cire maka. Mai feshi ido rufe ba ya taɓa ganin rabin gem ɗin.

Razak (Nima): Zulaiha duk abin da kika lissafa, yawancinsa na tsofaffin ne, kin taya ni ne ba ki sani ba. Ni abin da nake nema a ba ni hanyar kauce wa duka. A Time Crisis sojoji masu shuɗin kaya yawanci harbin iska suke yi, mai jan kaya in ya fito ka san nasa ba ya kuskure, ko ka riga shi ko ka ɗaga ƙafa. Daga na biyu ma har walƙiya ake yi maka ja in harsashin da zai same ka ya taso. Ga agogo yana ci, ba ka isa ka kwanta a ɓoye ba. A Virtua Cop da'ira ce ke matsewa a kan mutum tana sauya launi, kafin ta yi ja ka san saura ƙiris, in ka harbe hannun da ke riƙe da makami ma a ƙara maka maki. Wato injin yana faɗa maka gaskiya kafin ya cuce ka. Na zaman nan sai a turo maka abu ashirin lokaci ɗaya daga kowane gefe, mutum ɗaya ba ya iya tare su ko shi waye.

Zulaiha (Mamobi): Don ba a yi shi don mutum ɗaya ba. Kujera biyu ce, Halo babban ma huɗu. Kai ka riƙe hagu, na gefenka ya riƙe dama, in babban dodo ya zo ku haɗa wuta wuri ɗaya. Ka shiga kai kaɗai kana cika baki, dole a ci kuɗinka.

Nuhu Ɗan Ataya: Matsalar Razak ta fito. Ba shi da abokin zama.

Razak (Nima): Admin, a yi mini maganin Nuhu.

Admin: Nuhu ka sassauta. A ci gaba, muna ƙaruwa.

Kawu Sani Mai Gyara (Circle): Ku biyun kowa ya riƙe rabi. Razak, lissafin mai shago za ka duba. Injin nan daga waje ake kawo shi, a biya jirgi, a biya kwastan a Tema, ga hayar mol, ga wuta, in an ɗauke a kunna janareta. In gwani ɗaya ya tsaya rabin awa a kan kuɗin wasa ɗaya, an yi asara. Kuma masu zuwa mol ba 'yan gem ba ne, iyali ne da suka zo sayayya ko kallon fim suka ratse. Gwanayen sun koma gida da PlayStation, ko suna shagunan unguwa suna buga ƙwallo. Wa za a ƙera wa inji mai wuyar koyo? Wanda zai sayo ma ya fi son na kafe, don ba a jefar da bindigarsa, ba igiyar da za ta tsinke a ciki, in abin murɗawar ya ci na canza shi da araha. Na igiya kuwa in idon ya mutu sai an yi odar wani.

Razak (Nima): To Kawu, mai son irin na da fa, ya zai yi a gida? Na ga ana tallar wata bindiga a intanet.

Kawu Sani Mai Gyara (Circle): Sinden kake nufi, ta Ingila. Kyamara ce a cikinta, gem ɗin yana zana farin layi kewaye da allo, ita kuma ta auna da shi, don haka tana yi a falasma. Amma sai da kwamfuta da haƙurin saitawa, ga kuɗin kawowa. Hanya mai sauƙi: tsohuwar PlayStation ta farko ko ta biyu, da bindigar Namco da ake kira GunCon, a nan ɓangarenmu G-Con aka rubuta a jikinta, da talabijin mai ƙeya. Talabijin ɗin ba wuya, ina da su a shago sun yi ƙura, masu su sun gudu sun bar mini. Bindigar ce aiki, sai ka bi masu kayan gwanjo a hankali. In ka samo, kawo in gwada maka kafin ka biya, don da yawa idonsu ya mutu.

Zulaiha (Mamobi): Kawu in ya haɗa a sanar da mu. Ina so in ga wannan kwandala ɗayar da ake kai ƙarshe da ita.

Razak (Nima): Ki zo da kuɗin wake da shinkafa na mutum biyu, wanda ya faɗi shi zai saya.

Hajiya Mariama (Madina): Fuseini, kafin a watse, wane lokaci ya fi a je da yara? Ranar Sallah cunkoson ya yi yawa.

Fuseini (Aboabo, Kumasi): Hajiya, in da hali ki bari sai kwana biyu ko uku bayan Sallah, ki je da hantsi da an buɗe. Lokacin manaja yana nan da makullinsa, ba layi, in bindiga ta karkace kina iya cewa a gyara a gabanki. Ki loda kaɗan a katin tukuna, ki gwada injin da kanki, in ya yi sai ki ƙara. Kuma ki tambaya ko ragowar kuɗin kati yana ƙonewa bayan wani lokaci, don wasu wuraren haka suke yi ba sa faɗa.